Takardar Lodi Ta Uku

Shafi na 19

Masu biyo ni har akwatin saƙo suna cewa na bar su a tsaye jiya, ku yi haƙuri, caji ne ya ci amanata. Ga wanda yau ya shigo: Baba kafinta ne, ya yi odar sababbin injinan katako daga ƙasar waje. Jirgin na kan ruwa ɓarin jikin Baba ya shanye, baki ya tafi, hannun dama ya daina motsi. Ƙaramar 'yarsa, Auta, ita ke riƙe da shago. Mun tsaya inda ta shiga ofishin kamfanin jirgi tare da ƙawarta Lauya, riƙe da takardun da za a sakar mata kwantena.

*

Jami'ar da ke bayan gilashi ta zaro takardun daga ambulan, ta duba gabansu, ta juya bayansu. Ta danna wani abu a kwamfuta, sai ta ɗan dakata.

"Biyu kika kawo?"

"Su na gani a durowar Baba," in ji Auta.

Jami'ar ta turo ɗaya ta ƙasan gilashi, ta ɗora farce a can ƙasa.

"Karanta min nan."

Auta ta sunkuya. "Adadin na asali, uku."

"Ina ta ukun?"

"Ban sani ba. Amma ejan ɗin da ke fitar mana da kaya ya ce ɗaya ma ta isa."

"Ɗaya ta isa," in ji jami'ar. "Matsalar ke nan. Ta isa gare ki, ta isa ga wanda ya riga ki. Da safen nan wani ya kawo ta ukun."

Auta ta juyo ta kalli Lauya. Lauya ta matso kusa da gilashin, ta ajiye makullin motarta a kan kanta.

"Kun ba shi takardar sakin kaya?"

"Tukuna. Jirgin bai gama sauke kwantenoni ba. Da kun ƙara jinkiri da tuni an wuce wajen."

"To ga mu da namu. Yanzu fa?"

"Yanzu ba mai ɗaukar komai. Mutum biyu kowa da ta asali a hannu, mu ba alƙalai ba ne. Ko ɗaya ya janye, ko kotu ta gaya mana wanda za mu ba."

Auta ta dafa kantar da hannu biyu.

"Baiwar Allah, kayan mahaifina ne. Ga sunansa nan a rubuce."

"Na ga sunansa. Kin ga abin da ke biye da sunan?"

"Ko wanda ya umarta."

"Juya bayanta."

Ta juya. Sa hannun Baba ne, da doguwar jelar nan da yake ja a ƙarshe. Sama da shi babu komai, farin fili kawai.

Ta tuna ranar. Kwanaki kaɗan kafin ya faɗi, ya zauna a kan bencin shago ya sa wa takardun hannu, yana cewa ejan zai zo ya karɓa, gara ya same su a shirye. Ejan ɗin bai zo ba sai a asibiti.

"Wadda aka kawo da safe ma haka take," in ji jami'ar. "Hannu ɗaya, fili ɗaya."

"Waye ya kawo?"

"Ba na faɗin wannan. Amma in kin juya, bai tafi ba."

A kujerun jira, ƙarƙashin fanka, wani dattijo na zaune da carbi a hannu. Auta ta san shi tun tana rarrafe. Mai Katako ne, abokin Baba, wanda suke sayen katako a wurinsa, kuma shi ma yana da nasa shagon kujeru a ɗaya ɓangaren gari.

Ta ƙarasa gabansa. Ƙafarta ta so ta ƙi, amma ta rusuna.

"Ina wuni, Baffa."

"Lafiya lau, 'yata. Ya jikin mutumin?"

"Da sauƙi. Baffa, kai ka kawo takardar?"

"Ni ne."

"A ina ka samu?"

"Ba ni aka yi."

"Wa ya ba ka?"

Ya ja carbinsa guda biyu kafin ya amsa.

"Ban tsinta a titi ba, ban kuma haura katangar kowa ba. Ki koma gida ki tambaya."

"Baba ba ya magana, ka sani."

"Ai ba shi kaɗai ba ne a gidan."

Ya miƙe, ya gyara hularsa, ya gaida Lauya da kai, ya fita abinsa.

*

A mota Lauya ba ta tayar da inji ba. Ta sauke gilashi, ta karɓi takardar ta shimfiɗa a kan sitiyari.

"Ki saurare ni, kada ki katse ni, don na san halinki."

"Ina ji."

"Kin ɗauka wannan rasit ce. Rasit ce, amma ba nan ta tsaya ba. Ranar da aka loda injinan, kamfanin jirgi ya rubuta cewa ya karɓa, ya kuma yi alkawarin zai miƙa su ga wanda ya kawo masa wannan takarda. Tun daga ranar, takardar ce kayan. Mutum na iya sayar da abin da ke tsakiyar teku bai taɓa ganinsa ba, ya miƙa takarda kawai."

"Ko da ba sunansa?"

"Da Baba ya rubuta sunanki a baya kafin ya sa hannu, sai ke. Da tun farko sunansa kaɗai aka sa, babu wannan 'ko wanda ya umarta', ba mai iya juya ta. Amma ya sa hannu ya bar fili. Duk wanda ta shiga aljihunsa, kamfanin jirgi shi yake gani."

"Kenan shi ke nan."

"Na ce kada ki katse ni. A ƙa'ida, mutum ba ya miƙa wa wani abin da shi kansa ba shi da shi. In Baba ne ya bayar, ko ya sa aka bayar, an gama, sai mu je mu yi wa Mai Katako murna. In kuwa ɗauke ta aka yi ba da yardarsa ba, wanda ya ɗauka ba shi da komai, wanda ya karɓa daga hannunsa ma haka. Takarda ce kawai yake yawo da ita."

Auta ta juya tana kallon masu dako suna wucewa.

Babban injin shago ya mutu tun kafin Baba ya kwanta. Da zarto da hannu ake aiki yanzu. Makarantar da ta ba su aikin tebura ta fara kira, ma'aikata kuma kullum da safe tambayarsu ɗaya, jirgi ya iso?

"Yaya ne," ta ce.

"Kin gani da idonki?"

"Tun Baba na asibiti yake cewa a sayar da injinan a rufe shago. Wai shi ba zai bar aikin ofis ya zo yana shaƙar dusa ba. Waye kuma zai yi in ba shi ba?"

"Mu je gida ki tambaye shi tukuna."

"Ya musa, mu ɓata yini, Baffa kuma ya riga mu kotu? Me kotu ke so?"

Lauya ta sauke numfashi.

"In za mu nemi a riƙe kayan, sai kin rantse cewa an ɗauke takardar ba da izini ba. Kuma zai yi ƙarfi in akwai rahoton 'yan sanda."

"Kai ni."

"Auta, rahoton nan ba saƙon waya ba ne da za ki goge in kin huce."

"Kai ni, ko in sauka in hau tasi."

Lauya ta tayar da mota.

A ofishin 'yan sanda aka ba ta biro. Ta rubuta cewa an ɗauke takardar lodin jirgi daga durowar mahaifinta yana kwance ba lafiya, ba da saninsa ba, kuma an gan ta a hannun Mai Katako. Da aka tambaye ta wa take zargi, ta buɗe baki, Lauya ta taka mata ƙafa.

"Ku tambayi wanda aka gan ta a hannunsa," in ji Lauya. "Shi zai gaya muku."

Auta ta sa hannu.

*

La'asar ta wuce lokacin da Lauya ta sauke ta a ƙofar gida. Yaya na falo, ya dawo daga aiki, ya cire takalmi ɗaya yana latsa waya. Mama na zaune a gefe tana ninke zanen gadon Baba da ta kwaso daga igiya. Ƙofar ɗakin Baba a rufe, yana barci.

"A'a, manajan shago," in ji Yaya. "Ina injinan? Na ɗauka da jiniya za a shigo da su."

Auta ba ta zauna ba. Ta ajiye ambulan ɗin a kan tebur.

"Yaya, nawa ne a ciki?"

"Me?"

"Takardun jirgi. Nawa ne a ciki da ka buɗe?"

"Ni na taɓa buɗewa?"

"Uku ne. Yanzu biyu. Ta ukun tana hannun Mai Katako."

Ya ajiye wayar.

"Tsaya. Me kike son ki ce?"

"Abin da ka ji."

"Ni kike tuhuma?"

"Ba kai ka ce a sayar ba?"

"Na ce, kuma har gobe ina faɗa. A gabanki na faɗa, a gaban Mama na faɗa. Yaushe na koma ɗaukar abu a ɓoye?"

"Tun da ka ga ba zan yarda ba."

"Ke Auta, ki iya bakinki. Ni na goya ki zuwa makaranta."

"Shi ya sa abin ya fi ciwo."

Mama ta ci gaba da ninki. Ta haɗa bakin zane da baki, ta shafe da tafin hannu.

"Ku rage murya, mahaifinku na barci."

Yaya ya rage, amma ya miƙe tsaye da takalmi ɗaya a ƙafa.

"Durowar nan makulli gare ta. Kin taɓa ganin makullin a hannuna? Ni ko launinsa ban sani ba."

"Ai ana aro."

"A wurin wa? Makullin yana jikin..."

Bai ƙarasa ba. Ya tsaya da baki a buɗe, sannan a hankali ya rufe.

Auta ma ta san inda makullin yake. Da safen nan ta karɓe shi, daga bakin zanen da ake ɗaure shi.

Su biyun suka juya tare.

Mama ta ɗora zanen da ta gama a kan 'yan'uwansa.

"Zauna," ta ce wa Yaya. "Ke ma zauna. Ni na ba shi."

Ba wanda ya zauna.

"Mama," in ji Auta. "Wasa kike."

"Na taɓa yi miki wasa da maganar mahaifinki?"

"Yaushe?"

"Ranar da likita ya ce mu dawo da shi gida mu ci gaba da addu'a. Baffanku ya zo dubiya, na raka shi ƙofa, na miƙa masa."

"Kin san mene ne kika ba shi?"

"Na sani. Mahaifinku ya taɓa yi min bayani yana dariya, wai in na ga dama in saka takardar nan a jaka na gudu da injinansa gaba ɗaya. Ban manta ba."

Yaya ya koma kan kujera kamar an tura shi.

"Mama, ko ni da nake cewa a sayar, ai da shawara nake nufi."

"Da na kawo shawara, wannan za ta yarda?" Ta nuna Auta da haɓa. "Da ta yi kuka, kai ka yi zuciya, ni in yi shiru. Na san ku."

"Me ya ba ki?" in ji Auta.

"Alkawari. Zai ɗauki ma'aikatan shago duka, ba zai sallami ko ɗaya ba. Zai gama teburan makarantar da sunan mahaifinku. Sauran kuma mu zauna da yayanki a yi lissafi, ba zai cuce mu ba."

"Ni fa?"

"Ke ki koma karatun jinyarki da kika ajiye."

"Wa ya ce miki ina son komawa?"

"Tarin da kike yi da asuba ne ya ce min. Kin ɗauka ba na ji? Bango ɗaya ne tsakaninmu."

Auta ta buɗe baki, Mama ta ɗaga hannu.

"Na auri mutumin nan da yatsu goma. Shago ya ci biyu, na yi shiru. Ya ci jinsa, sai na ɗaga murya yake amsa min, na yi shiru. A cikin dusar katako aka ɗauko min shi ranar da ya faɗi, har cikin kunnensa na goge ta a asibiti. Yanzu kuma in zauna in ga an shigo da waɗansu injinan, manya, an tsayar da 'yata a gabansu? Na ba shagon nan miji. Ya isa."

Muryarta ba ta yi rawa ba. Ta jawo wani zanen ta fara ninkewa.

Auta ta zauna a hannun kujera. Da ta yi magana, a hankali ta yi.

"Mama, tambaya ɗaya. Baba ya sani?"

"Me ya kawo wannan?"

"Ki gaya min. Kafin ya faɗi ya ce ki bayar? Ko bayan nan kin tambaye shi ya ɗaga kai?"

Mama ta kalli ƙofar ɗakin da ke rufe.

"Da na tambaye shi da ya ƙi. Shi ya sa ban tambaya ba."

Auta ta rufe fuskarta da hannu biyu.

"Ke lafiya?" in ji Yaya. "Ai magana ta fito. Sai a kira Baffa a zauna."

"Na je wurin 'yan sanda."

"Kin je ina?"

"Na rubuta an sace takardar. Na sa hannu."

"Da sunan wa?"

"Ban sa suna ba. Kai nake nufi."

"To na gode," in ji Yaya. "Allah ya saka da alheri. Ni za a ɗaure, ashe."

Ya soma neman ɗaya takalmin a ƙarƙashin kujera.

"Tashi mu je ki janye. Yanzu."

Auta ta zaro waya ta kira Lauya, ta sa a lasifika. A gurguje ta gaya mata. Da ta gama, ta matso da wayar kusa da bakinta.

"Kina ji na?"

"Ina ji," in ji Lauya. "Mama na kusa?"

"Ga ta nan."

"Ina wuni, Mama. Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, aikina ne. Auta, in kin janye kika ce da izini aka bayar, takardar Mai Katako ta zama halal, gobe ya ɗauki kwantena, biyun da ke hannunki sun mutu. Kuma za a tambaye ki dalilin da kika kawo rahoton ƙarya."

"In ban janye ba fa?"

"Injinan na iya dawo miki. Amma sai an tsaya gaban alƙali an faɗi wanda ya buɗe durowar."

"Babu hanya ta uku?"

"Akwai. Mai Katako ya dawo da takardar da kansa, a ce rashin fahimta ne. Amma ɗazu ɗan sandan ya kira ni. Sun gayyace shi, ya je da lauyansa, kuma ransa a ɓace yake. Ya ce shekarunsa sun wuce a kira shi mai karɓar kayan sata. Ya ba da bayaninsa a rubuce."

"Me ya ce?"

"Ba su gaya min ba. Ina hanya, kada kowa ya ce komai sai na iso."

Ta kashe.

Yaya ya samo takalmin, ya riƙe shi a hannu bai saka ba. Daga ɗakin Baba aka ji gado ya yi ƙara, alamar ya farka.

Mama ta miƙe, ta ɗauki zannuwan da ta ninke ta miƙa wa Auta.

"Ki canja masa na ƙasa, ya jiƙe da gumi. Maganinsa na yamma yana kan taga, farin ne, ba jan ba. Ki riƙa ɗaga masa kai in za ki ba shi ruwa."

"Mama, me ya sa kike gaya min wannan?"

Aka ƙwanƙwasa ƙofar gida.

Yaya ya je ya buɗe. Mace ce cikin kakin 'yan sanda, da namiji a bayanta riƙe da fayil. Ta yi sallama, ta leƙo falon, ta dubi Auta, ta dubi Mama.

"Wace ce matar mai gidan a cikinku?"